Iskar Gidanku Ce

Jiya da safe maƙwabciyata ta tara shara a bakin ƙofarta, leda da tsumma da tsohon takalmin roba, ta cinna mata wuta. Ina zaune bisa tabarma ina jan tasbaha, sai na ga hayaƙin ya ƙi tashi. Ya yunƙura kamar tsoho zai miƙe, ya fasa, ya kwanta, ya bi gindin katanga yana neman ƙofar da aka bari a buɗe. Na ce da matar jikana, "Ke 'yar nan, ɗauke jaririyar can daga tsakar gida." Ta yi dariya ta ce, "Haba Kaka, ɗan hayaƙin shara ne fa, yanzu zai wuce." Wanda maciji bai taɓa sara ba, ina zai san abin da ya sa wani ke gudun baƙin tsumma? Ni na san hayaƙin da ke wucewa, na kuma san wanda ke kwanciya. Mai kwanciyar nan ya kusa raba ni da 'yar farina, kuma ta wata hanya ya raba mu ɗin.

Ni ba mai yawo ba ce. A nan Faraku aka haife ni, a unguwar Ganu, aka kai ni aure Zugu, tsufa ya komo da ni gidan ɗana, iyakar duniyata ke nan. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina cikin ɗaki zan gaya muku wace ce ke daka a gida na uku, kuma dawa ce a turmin ko doya. A Zugun da na sani, lokacin Nasara bai daɗe da tattara nasa ba, ƙasar ma ana ce mata Dahome, da murya gari yake farkawa. Ladan tukuna, sai zakaru, sai guga yana bugun bakin rijiya, sai yara suna rera karatu a zauren Malam, sai ƙarar ganye idan ana kwance huhun goro a yayyafa masa ruwa. Gidan mijina gidan fataken goro ne tun kaka da kakanni, sun yada zango, zangon ya zama gida. Yanzu fa? Buɗe kunnenka da safe a Ganu, ba abin da za ka ji sai zem, baburan hayar nan, fafafa, fafafa, da injin niƙa, da rediyon mai shayi. Ko yaro na shiɗewa a ɗakin kusa da kai ba za ka ji numfashinsa ba.

Unguwarmu a Zugu a kwari take. Duk ta inda ka nufo ta gangara za ka yi, ga rafi a ƙasanmu, ga tuddai sun kewaye mu kamar bakin ƙwarya. Magabata sun zaɓi wurin ne don ruwa da inuwa, goro ba ya son zafi. Da damina ba mu da kuka, hadari ya taso ya share gari, ruwa ya wanke shi. Da bazara zafi ne kawai, hayaƙin murhu ya miƙe tsaye kamar taɓarya ya tafi abinsa. Amma idan ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, raɓa ta fara jiƙa zanen da aka manta a igiya, sai gari ya sake hali. Da asuba sanyi ya gangaro daga tudu ya zauna mana a ka, ko ganye ba ya motsi. A daidai lokacin nan ne mafarauta ke sa wa daji wuta, masu gawayi su binne itacensu yana cin kansa a ƙarƙashin ƙasa, kowane gida kuma a ɗora suyar ƙwarar kaɗanya. Hayaƙin duk ya rasa hanya, sai hantsi ya yi sosai kafin ya ɗaga. Tsofaffi sukan ce, "Yau an rufe mu da faifai," su goge ido da gefen zane, su ci gaba da aiki. Ba wanda ya ɗauke shi a kan cuta.

Uwar mijina, Inna, ita ce gwanar man kaɗe a unguwar. Tun damina take sayen ƙwara tana tarawa, kaka na yi sai a kafa babbar tukunya a rumfar da ke jikin ɗakinta. Ƙwarar tana soyuwa, hayaƙinta baƙi mai ɗaci yana tashi, mu muna juyawa da muciya muna hawaye, sannan a daka, a niƙa, a yi ta bugu da hannu cikin ruwa har farin ya taso. Idan na kawar da fuska sai ta ce, "Juya, 'yar Faraku. Idon da bai sha hayaƙi ba ba ya ganin mai a miya." Baki ne da ita, amma ban taɓa kwana da yunwa a gidanta ba, kuma da na haihu ita ta yi mini wankan jego da hannunta.

'Yan yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba. Ina ganinsu suna kiran sunan yaro tun daga bakin titi, suna sumbatarsa a gaban surukai. Mu a da, ɗan fari ba naka ba ne a gaban mutane. Ba ka faɗin sunansa, ba ka ɗaukarsa don wasa, in ya faɗi ka kawar da kai har wani ya ɗaga shi. Da na yaye yarinyar sai ta koma ɗakin Inna, Inna na ce mata "Ƙawata", suna cin tuwo kwano ɗaya suna faɗa a kan nama. Ni kuwa sai kunne. A kakar da ta biyo bayan yayen ne na fara jin abin. Bayan sallar asuba, ta cikin bango, wani ɗan sauti siriri, fiii, fiii, kamar an busa karan da ya tsage. Na ɗauka ɗan kyanwa ne. Da na fito da tsintsiya na matsa kusa da ƙofar, sai na gane daga ƙirjinta yake fitowa. Kullum sai in yi ta shara a wuri ɗaya, har ranar da Inna ta leƙo ta ce, "Ke, rijiya za ki haƙa mini a bakin ƙofa da tsintsiyar nan? Shiga ki duba ta, ba mai kallonki." Na tarar da ita zaune ta dafa gwiwa kamar tsohuwa, ramin wuyanta yana shiga yana fita. Rana na ɗagawa sai abin ya saki, ta tashi tana bin kaji. Damina ta zo, shiru. Wata kakar ta kewayo, ya dawo, ya fi na bara.

Maigida ya ce a kai ta gidan likita a Faraku. Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, ni da shi da Inna, yarinyar a cinyar Inna. Abin mamaki, tun a hanya ta fara neman ƙosai, kafin mu sauka gidanmu a Ganu har waƙa take yi. Washegari aka shiga da mu wurin likitan, wani Nasara dogo mai gashi a hannu, aka bar maigida a waje tare da maza. Ya sa abin saurarensa a ƙirjinta da bayanta, ya yi ta tambaya ta bakin tafinta, wani mutumin kudu da ya koyi Hausarsa a kasuwa. Ina gidanku yake, a tudu ko a kwari? Wane lokaci abin ke tashi? Me kuke dafawa? Sannan likitan ya yi dogon bayani yana zana ƙwarya da hannunsa. Ni ban san Faransanci ba, amma kunnena ya kama kalma ɗaya da yake ta maimaitawa, ler, ler. Da ya gama, tafinta ya juyo ya taƙaita mana. "Likita ya ce wannan ba na allura ba ne. Iska ce. Iskar gidanku ce. Ku raba yarinya da ita."

Inna ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Har Nasara ya gan ta?"

To, ku duba. A bakinmu iska ita ce mai kaɗa ganye, iska kuma ita ce mutanen ɓoye. Amma idan aka tsaya a kan yaro marar lafiya aka ce iska ce, ba Bahaushen da zai tuna da ganye. A kamiyon komawa Inna ba ta ci goro ba. Sai maimaitawa take yi, "Abin da ya sa Nasara ya ajiye allurarsa ya ambaci iska, ba ƙarami ba ne." Maigida ya ce, "Inna, kin tabbata haka ya ce?" Ta ce, "Tambayi matarka, ita da ke jin tafiyar tururuwa." Na ce haka tafinta ya faɗa. Haka kuwa ya faɗa.

Daga ranar gidan da na sani ya zame mini wani wuri. Akwai tsohuwar tsamiya a bayan katanga wajen rafi, da can a inuwarta muke tsinkar zogale, yanzu ba mai bi ta nan. Ruwan zafi ba a zubarwa sai da bisimilla uku. Ƙofa ta yi ƙara, kowa ya waiwaya. Ga shi kuwa muna dawowa abin ya dawo wa yarinyar, kamar jiranta yake a zaure, wannan ya ƙara tabbatar mana. Malam ya ba da rubutu ya ce a yi haƙuri a yi ta addu'a, bai ce a yi wani abu ba bayan haka. Amma mata suna shigowa jaje, kowace da nata. Aka ce iska ba ta fita sai da hayaƙi. Inna ta je kasuwa ta dawo da ƙulli, tazargade da ɓawon itace da ɗan barkono, aka ce a turara ta da sassafe, daidai lokacin da abin ke zuwa mata.

Ba zan manta safiyar nan ba. Gari ya rufe ruf, bakin zaure ma da ƙyar ake gani. Aka toshe tagar ɗakin Inna da tsumma, aka shiga da kasko cike da garwashi, da gwado mai kauri. Inna da wata dattijuwa maƙwabciya suka shiga da ita suka ja ƙofa. Ni aka ce in zauna a waje, ba wurin uwa ba ne. Na zauna a kan turmi. Na ji an zuba maganin a wuta, tsss. Na ji tari. Na ji kuka, kukan yana guntulewa. Na ji busar nan tana ƙara sirancewa, fiii, fii, fi, da muryar Inna tana rawa, "Fita! Fita ki bar mini ita, ba gidanku ba ne!" Sai shiru. Matan da ke tsakar gida suka ce, "Alhamdu lillahi, ta fita." Amma ni na san shirun. Na saurari ƙirjin nan kaka biyu. Idan ya saki, busar kauri take yi, ta koma tari mai laushi. Wannan ba saki ya yi ba, ƙofar ce ta rufe gaba ɗaya.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na banke ƙofar da kafaɗa, na kira sunanta da ƙarfi, sunan da ban taɓa faɗa ba, a gaban uwar mijina da matan unguwa. Na fizge gwadon. Leɓunanta sun yi kamar an tsoma su a baba, idanu a buɗe ba ta ganin kowa. Na sungume ta na yi waje, waje ma hayaƙi, na wuce zaure ba lulluɓi ina jijjiga ta ina kiran sunan. Maigida ya taho a guje daga wajen goro ya karɓe ta, ya ɗaga ta sama, ya yi ta bubbuga bayanta yana salati. Can sai ta ja wani numfashi mai ƙara kamar ana yaga ƙyalle. Na durƙushe a ƙasa. Ba wadda ta yi mini maganar kunya, ko a ranar ko bayanta.

Inna ta fito idanunta jajur. Ta ce, "Ta fi ƙarfinmu. In ba ta fita ba, mu mu fita. A gudu da yarinyar." Maigida yana da gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, da ke aure a wani ƙauyen manoma wajen Seru, a kan tudu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Aka ce can za a kai ta, kuma kada a yi sallama da kowa, kada a ambaci inda za mu, don kada iskar ta ji ta biyo mu. Inna da kanta ta ɗora mini ita a baya ta ce, "Goya 'yarki. Kada ki waiwaya." Muka kama jar hanya, maigida a gaba, ni a baya, ƙirjinta manne da bayana, kowace busa ina jin ta a ƙashina. Duk ciyawar da ta motsa sai in ce ga ta nan ta biyo mu. Amma muna hawa, busar tana yin kauri. Kafin mu ga rufin ƙauyen ta yi tari mai laushi, ta ce, "Ruwa."

Mijin Gwaggo tsohon soja ne, ya yi wa Faransa yaƙi har ya kai kafaran, wato kofur, kowa Baba Kafaran yake ce masa. Doya yake nomawa, maganarsa rabi Hausa rabi Faransanci, yarinyar kuwa "Madmazel" ya sa mata. Kwana kaɗan ta murmure tana bin awaki. Ni dai ban saki jiki ba, kullum ina jiran ranar da iskar za ta gano mu. Wata safiya ina wanke-wanke, Gwaggo na hura wuta, sai Baba Kafaran ya fito yana miƙa ya ce mata, "Madam, hayaƙinki ya ishe ni, bari in je bakin dutse in sha ler."

Kwanon ya suɓuce mini. Na ce, "Baba, me ka ce za ka sha?"

"Ler mana. Iska."

"Wace iskar?"

Ya dube ni kamar na zautu. "Iska nawa ce? Wadda ake shaƙa. Ga ta nan tana kaɗa miki zane."

Na ce, "To, ta ɓoye fa, mutanen tsamiya, yaya Nasara ke ce musu?"

"Wannan jeni ne. Ina ruwan ler da jeni?" Na ba shi labarin likita da tafinta. Ya cire hularsa ya mayar. Bai yi dariya ba, shi da komai abin dariya ne a wurinsa. Ya ce, "Ajiye kwanon nan, 'yata. Zo ki ga abu."

Ya kai ni bakin wani falalen dutse inda ake hango Zugu. Ban ga Zugu ba. Inda gari ya kamata ya kasance, wani abu ne toka-toka kwance lumui kamar kunu a ƙwarya, kawunan rimi da na giginya kaɗai suka ɓullo. A kanmu sama garau, iska mai sanyi tana shiga hanci har ƙirji. Ya ce, "Kullum kaka haka nake ganinku. Ga ler ɗin gidanku can." Na tsaya ina kallo. A ƙarƙashin wannan abin na yi shara, na yi girki, na haihu. A ƙarƙashinsa muka toshe taga muka ƙara mata wani.

Ranar kasuwa Inna ta zo duba ƙawarta, ta kwana. Yaya suruka za ta ce wa uwar miji ba haka ba ne? Ban ce ba. Da safe na ce, "Inna, zo ki ga inda rana ke fitowa, akwai kyau." Muka tsaya bisa dutsen. Baba Kafaran ya faɗa mata abin da ler take nufi, ya koma gefe. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ina unguwarmu?" Na nuna mata wajen rafi. Ta ce, "Wurin da ya fi baƙi?" Na ce i. Ta ciro goro ta riƙe, ba ta ɓare ba. Can ta ce, a hankali, "Ashe iskar ni ke hura mata wuta."

Da ta koma ta sa aka rushe rumfar suya aka kai ta bayan gari. Amma rumfa ɗaya ce a cikin unguwa guda, ga masu gawayi, ga ƙunar daji, ga kwarin da ba mai iya ɗaga shi. Muka gwada dawo da yarinyar da damina, lafiya lau. Ruwa na ɗaukewa busar ta dawo. A ƙarshe Inna ta tara mu ta ce, "Ƙawata ta tudu ce. A ba Gwaggo riƙo." Ba wanda ya ga abin mamaki, ɗan fari dama na dangi ne. Ni na haɗa mata kayanta, ni na goya ta na hau da ita, na sauko ni kaɗai bayana ba nauyi. Ta girma a can, ta yi ƙiba, ta iya yaren ƙauyen da Faransancin Baba Kafaran. Gwaggo ta zame mata uwa, ita take ce wa Inna. Ni kuwa Yaya take ce mini, har yau da take da jikoki. Tana da rai, numfashinta sumul, ban taɓa cewa an cuce ni ba. Sai dai in ta zo gaishe ni ta ce, "Yaya, ina kwana," nakan ɗan jinkirta amsawa, ina sauraron ƙirjinta.

An ce mini yanzu itatuwan wajen Seru sun tafi a buhunan gawayi, kuma a bakin dutsen nan ma kana jin ƙaurin hayaƙi. A nan Faraku ba ma sai kaka ba, zem da kamiyo da ƙona leda ba su san damina ba, ba su san rani ba. A da mun ji tsoron abin da ba mu gani, muka gudu, Allah ya sa gudun ya kai mu tudu. Yanzu kowa na ganinsa da ido, an san sunansa da Hausa da Faransanci, ba mai gudu.

Yau da asuba, kafin baburan su tashi, akwai ɗan shirun da ya rage wa garin nan. Na idar da salla na jingina da bango, bangon ɗakin da jaririyar ke kwana. Tsufa ya ci idona, ya ci gwiwata, bai taɓa kunnena ba. Na ji shi, siriri, fiii, kamar an busa karan da ya tsage. Na ɗauki tsintsiya na nufi ƙofarsu, ina tafe ina tunanin wane tudu ya rage da za a kai ta.